Guddi: Yarinyar Da Ta Ƙi Miji Saboda Dharmendra

Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa ba su tsaya wahalar da harshensu da sunan Dharmendra ba. Sarkin Ƙarfi suka raɗa masa, kamar yadda suka kira Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Sunan ya dace da abin da ido ya saba gani: ƙato mai faɗin ƙirji, in ya kai naushi ɗaya mutum uku su zube, in kuma ya juyo wajen budurwa murya ta yi laushi. To, wannan Sarkin Ƙarfin ne, a shekarar 1971, yana tsakiyar tashensa, ya yarda ya fito a wani fim da sunansa na gaskiya, a matsayin shi kansa. Aikin da aka ba shi a cikin labarin shi ne ya nuna wa wata 'yar makaranta da ta kamu da sonsa cewa mutumin da take so ɗin babu shi a duniya. Sunan fim ɗin Guddi. Fim ne na soyayya da barkwanci, marar hayaniya, kuma ina sa shi a sahun gaba cikin finafinan da suka faɗa wa mai kallo gaskiya game da kallon da yake yi.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Kusum, wadda ake kira Guddi a gida, 'yar sakandare ce mai rawar kai. Tana zaune da mahaifinta da yayanta da matar yayan, wadda ta riƙe ta tamkar uwa. Ba ta da zance sai na silima. Ta haddace maganganun 'yan fim har sun zame mata harshe: in za ta yi fushi, fushin fim take yi, in za ta koka, da kalmomin da ta ji a majigi take kokawa. Mutanen gida sun ɗauki abin ƙuruciya, suna ta dariya. Matar yayan tana da ɗan'uwa mai suna Navin, injiniya, mai kunya da kawaici, kuma babban burinta ta ga ta haɗa su aure. Da aka je Bombay, birnin da yanzu ake kira Mumbai, Navin ya daure ya buɗe mata cikinsa. Sai Kusum ta ce ita zuciyarta tana da mai ita. Wane ne? Dharmendra. Ta san yana da iyali, ta san ba aurenta zai yi ba. Ita dai ta yanke za ta zauna haka nan tana sonsa daga nesa, irin yadda mabiya addinin Hindu suke ba da labarin Meera, mawaƙiyar ƙarni na 16 da ta sallama rayuwarta ga abin bautarsu Krishna. Son maso wani, in ji Hausawa, ƙoshin wahala. Navin yana son Kusum, Kusum tana son hoton da ke kan farin ƙyalle.

A gidaje da yawa, a Indiya ko a nan wajenmu, maganin irin wannan yarinya sananne ne. A hana ta kallo, a yayyage hotunan da ta liƙa a bango, a tara mata gwaggonni su yi mata faɗa, in ta ƙi ji a ɗaura auren ko tana so ko ba ta so. Navin bai bi ta nan ba. Wajen kawunsa ya kai kuka, Farfesa Gupta, masanin halayyar ɗan Adam, wanda Utpal Dutt ya fito a matsayinsa. Farfesa ya saurara, ya ce yarinyar nan lafiyarta ƙalau, abin da ya same ta shi ne ba ta taɓa ganin fim ta bayansa ba. Maimakon a nesanta ta da Dharmendra, sai a kai ta gabansa, ta yini a inda yake aiki, ta ga komai da idonta. Gani ya kori ji. Aka bi ta hannun wani aboki aka isa ga jarumin, shi kuma ya amince.

Daga nan fim ɗin ya koma wani abu da ba kasafai ake gani ba: kamara ta juya baya tana ɗaukar masu ɗauka. Abin da duk wanda ya taɓa shiga sutudiyo ya sani, shi Kusum ta tarar. Zafi da jira. Gidan alfarmar da ta saba gani a majigi ashe katako ne da fenti, bayansa babu komai sai sandunan da suka tokare shi. Kalaman soyayyar da take zaton daga zuciya suke ɓuɓɓugowa, a rubuce suke a takarda, a faɗe su, darakta ya ce a sake, a kuma sakewa, har sai sun yi masa. In an zo wurin faɗa ko tsalle mai haɗari, wani bawan Allah ake sa wa irin kayan jarumin, shi ke faɗuwa, shi ke jin ciwo, yabo kuma ya tafi ga mai suna. Can sama, kusa da rufi, ga masu riƙe fitilu suna gumi saboda ɗan abin da za su kai gida da yamma, babu mai tambayar sunansu. Akwai wurin da Dharmendra ya tsaya a kangon wani tsohon sutudiyo da gobara ta cinye, yana tuna finafinan da aka yi a wurin da mutanen da suka yi su, kuma a fuskarsa za ka ga tsoron da ke cikin kowane mai tashe, cewa wata rana kasuwar za ta watse. Ba a taɓa nuna mini Sarkin Ƙarfi da rauni irin na wannan wuri ba, kuma ban taɓa ganin girmansa kamar a wurin ba.

Wanda ya shirya fim ɗin ya cancanci a tsaya a kansa, domin sana'arsa ta farko ita ce mabuɗin komai. Hrishikesh Mukherjee mutumin Kalkata ne. Kafin ya zama darakta, mai tace fim ne, wato wanda ke zama a ɗaki da almakashi yana yankewa yana haɗawa. Ya yi wannan aiki a ƙarƙashin babban darakta Bimal Roy, a finafinai irin su Do Bigha Zamin na 1953 da Madhumati na 1958. Mai tacewa ya fi kowa sanin inda sihirin fim yake. Aikinsa irin na mai tankaɗe ne: gari mai laushi ya sauka a faranti, tsaki ya tsaya a rariya. A fim, saurayi ya ga budurwa, a yanke, ga su a lambu, a yanke, ga ranar aure. Wata shida na neman kuɗin lefe, zaman jiran albashi, ciwon haƙori, saɓanin da ba shi da kan gado, shirun da ke shiga tsakanin mutum biyu bayan sun gaji, duk an zubar da su a kwandon ɗakin tacewa. Mai kallo yana karɓar soyayyar da aka cire wa duk wani abu mai gundura, ya fito ya auna ta da tasa wadda babu mai tace masa. Dole tasa ta zo masa da nauyi. Mutumin da ya yi shekaru yana zubar da tsakin ne ya dawo ya ɗebo shi ya nuna wa jama'a, tare da marubuci Gulzar wanda ya rubuta labarin da maganganun da waƙoƙin.

Hatta muryar da Kusum take rera waƙa da ita a fim ɗin ba ta 'yar wasan ba ce. Vani Jairam ce ta rera, Vasant Desai ya tsara kiɗan, kuma waƙar Bole Re Papihara ce ta fito da sunan mawaƙiyar a faɗin Indiya. Mu ma mun san wannan tsari a gida. Jarumi yana motsa baki a gaban kamara, muryar kuwa ta Nura M. Inuwa ce ko ta Umar M. Shareef, jaruma tana rausaya, Fati Nijar ce ke waƙar a ɗakin naɗar sauti. Mutumin da yarinya take mafarkinsa, in ka warware shi, taron jama'a ne: fuskar wani, muryar wani, kalaman wani, jarumtar wani, hasken da wani ya riƙe. Babu namijin da zai iya gasa da wannan taro shi kaɗai, ko da shi jarumin ne da kansa in ya koma gidansa.

Wurin da na fi so a fim ɗin na Pran ne. Duk wanda ya kalli tsofaffin finafinan Indiya ya san wannan fuska: shi ne bos, mai murmushin mugunta, mai busa hayaƙin taba, mai raba masoya. Ya ƙware a mugunta har ana yawan faɗa a Indiya cewa shekaru da dama iyaye sun daina raɗa wa 'ya'yansu sunansa. Na taso a gidan da wata gwaggona, in bos ya bayyana a talabijin, sai ta ja masa Allah ya isa da gaske, har ta juya masa baya. Kusum ma haka take. Ta haɗu da Pran a wurin ɗauka, ta ga ya cire agogon hannunsa ya ba Dharmendra kyauta, sai hankalinta ya tashi, ta tabbata akwai makircin da yake ƙullawa. Dharmendra ne ya fahimtar da ita cewa wannan mutum yana cikin masu kirki da kyauta a duk masana'antar. Abin dariya ne a fim, amma shaidar da abokan aikinsa suka yi ta bayarwa ke nan har ya rasu a 2013, shekarar da aka ba shi lambar Dadasaheb Phalke, mafi girma a harkar fim ta Indiya. Da marigayiya Saratu Gidado, wato Daso, ta rasu a watan Afrilun 2024, irin wannan shaida aka ji daga bakin 'yan Kannywood: matar da ta yi suna a fitowa a masifaffiya, a zahiri mai barkwanci ce da son mutane. Darasin Pran ya fi duk wani wa'azi shiga zuciyar Kusum, domin idan mugun fim ba mugu ba ne, to me ya tabbatar mata cewa gwarzon fim gwarzo ne?

Akwai kuma Kundan, wanda Asrani ya fito a matsayinsa, saurayin da ya bar gida ya nufi Bombay da tabbacin zai zama jarumi, ya ƙare a cikin 'yan cika fage da ake biya kuɗin yini. Mukherjee bai daɗe a kansa ba, amma ya isa ya nuna cewa ba 'yan mata kaɗai majigi ke ɗauke wa hankali ba.

Masana sun daɗe da lura da abin da ya sami Kusum. A 1956 wasu Amurkawa biyu, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu a kan irin alaƙar da ke ƙulluwa tsakanin mai kallo da wanda yake gani a talabijin ko yake ji a rediyo. Alaƙa ce mai gefe ɗaya: kai ka san shi, shi bai san da kai ba, amma zuciyarka tana ɗaukarsa a matsayin na gida. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A rayuwa, ba ka ganin fuskar mutum dab da dab, har ka ga ƙwalla ta taru a idonsa, sai in na jikinka ne. Kamara tana kawo maka fuskar baƙo kusa fiye da yadda ka taɓa ganin ta maƙwabcinka, tana nuna maka shi yana kuka shi kaɗai a ɗaki, kana jin sirrin da ko abokinsa a cikin labarin bai ji ba. A maimaita maka wannan shekara da shekaru. Zuciya ba ta da wata ma'ajiya ta daban da take saka irin wannan sani, sai ta haɗa shi da na 'yan'uwa da masoya. Saboda haka ba na ganin Kusum a matsayin wawiya. Abin da ya same ta yana samun malami da ɗan kasuwa da tsohuwa, ita dai nata ya fito fili ne don tana da ƙuruciya kuma ba ta iya ɓoyewa ba.

Duk da ƙaunar da nake wa fim ɗin, akwai inda ban yarda da shi ba. Farfesa da Dharmendra ba su tsaya ga nuna wa yarinyar gaskiya ba. Sun kuma shirya 'yan dabaru don Navin ya yi kwarjini a idonta, har jarumin ya yarda a ga kamar an fi shi. Wato an fitar da ita daga wani fim an saka ta a wani, wannan karon ba tare da ta san ana ɗauka ba. Kuma tun daga farko maza ne suka zauna suka yanke inda zuciyarta ya kamata ta sauka. Babu wanda ya tambaye ta ko tana son ta ci gaba da karatu, ko tana son aure yanzu ma. Abin da ya ceci labarin shi ne Navin mutumin kirki ne na haƙiƙa, mai haƙuri, wanda bai taɓa tilasta mata ba, kuma a ƙarshe da bakinta ta furta cewa shi take so. Amma da a ce an bar gaskiyar sutudiyo ita kaɗai ta yi aikinta, da fim ɗin ya fi haka tsabta.

Shekara 14 bayan Guddi, a 1985, wani darakta a Amurka, Woody Allen, ya ɗauki wannan tambaya ta wata fuska a fim ɗinsa The Purple Rose of Cairo. Labarin yana faruwa ne a jihar New Jersey a shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, masana'antu suka rufe. Cecilia, wadda Mia Farrow ta fito a matsayinta, tana aikin kai abinci a wani gidan cin abinci. Mijinta ba ya aiki, yana karɓe 'yan kuɗinta ya kai caca, yana neman mata, yana dukanta. Mafakarta ɗaya ita ce silimar unguwa. Ta yi ta komawa kallon fim guda, har ran nan ɗaya daga cikin mutanen cikin fim ɗin, Tom Baxter, ya juyo daga majigi ya dube ta, ya yi mata magana, ya tako ya fito cikin 'yan kallo ya kama hannunta suka fice. Sauran 'yan cikin fim ɗin suka tsaya cirko-cirko, labari ya ƙi gaba, suna cacar baki da waɗanda suka biya kuɗin tikiti.

Barkwancin yana cikin yadda Tom ya kasa gane duniya. Ya kai ta gidan abinci mai tsada, ya zaro kuɗi, ashe kuɗin wasa ne. Ya shiga mota yana jiran ta tashi da kanta, don a fim ba a nuna neman makulli. Amma yana da gaskiya da amana da tausayi, domin haka aka rubuta shi. Sai ɗan wasan da ya fito a matsayin Tom, mai suna Gil Shepherd, ya taso daga Hollywood don ya lallashi hoton nasa ya koma cikin majigi kafin sunansa ya ɓaci. Jeff Daniels ne ya yi duka biyun. Gil ma ya ce yana son Cecilia, ya yi mata alkawarin tafiya da ita. Aka ce ta zaɓa. Ta zaɓi na gaske, mai jini da tsoka. Tom ya koma cikin fim da baƙin ciki. Ta je gida ta haɗa kayanta ta dawo, ta tarar Gil ya hau jirgi ya tafi, buƙatarsa ta biya. Fim ɗin ya ƙare tana zaune a silima da akwatinta, ba miji, ba aiki, tana kallon Fred Astaire da Ginger Rogers suna rawa a fim ɗin Top Hat, fuskarta tana washewa a hankali.

Na kawo wannan fim ne don yana cike giɓin da Guddi ya bari. Maganin Farfesa Gupta ba zai yi wa Cecilia aiki ba. Ko ka zagaya da ita duk sutudiyon duniya, ka nuna mata katako da fenti, gobe za ta koma silima, domin ba rashin sani ne ya kai ta ba. Ta san fim ƙarya ne. A can ne kaɗai ake yi wa mace magana da ladabi, shi ya sa take zuwa. Kusum tana da gida mai ƙaunarta, abin da ta rasa ilimi ne. Cecilia tana da ilimin, abin da ta rasa jinƙai ne. Kafin a yanke wa mai yawan kallo hukunci, ya kamata a fara gano wacce ce daga cikin biyun take zaune a gaban talabijin ɗin.

Mu Hausawa ba 'yan kallon wannan magana ba ne daga nesa. An buɗe silimar Rex a Kano tun 1937, kuma 'yan kasuwar Labanan da ke riƙe da gidajen silima ne suka riƙa shigo da finafinan Indiya, suka ga sun fi na Turawa karɓuwa. Mata ba sa zuwa silima a lokacin, ana ganin abin kunya ne. Talabijin da kaset ɗin bidiyo ne suka shigar da Dharmendra da Hema Malini da Amitabh Bachchan har cikin ɗakunan matan aure da 'yan mata. Wani masani, Brian Larkin, wanda ya zauna a Kano ya yi bincike, ya rubuta a 1997 cewa abin da ya ja Hausawa ga finafinan Indiya shi ne sun ga matsalolinsu a ciki: auren dole, ikon iyaye, kunya, talaka da ke son 'yar mai kuɗi. Daga wannan ƙishirwa littattafan soyayya suka bunƙasa a shekarun 1980, sannan finafinan Hausa suka biyo baya, tun daga Turmin Danya na 1990. Amsar da aka fi ba wa wannan ƙishirwa kuwa ita ce hani. A 2007 an tara littattafan soyayya da aka ƙwace a makarantun 'yan mata a Kano aka banka musu wuta a bainar jama'a. Na fahimci damuwar iyaye da malamai, kuma ba duk abin da ake rubutawa ko ake ɗauka ne ya dace da yara ba. Sai dai yarinyar da aka ƙone wa littafi ba ta koyi yadda ake ƙirƙirar labari ba, ba ta kuma sami wanda ya tambaye ta me take nema a ciki ba. Ta koyi ɓoyewa ne kawai.

Yau kuma abin ya fi na zamanin Kusum wuya. Ita sai da aka yi mata hanya kafin ta ga Dharmendra. Yanzu jarumi yana cikin wayar hannu, yana nuna gidansa da motarsa da abincinsa a Instagram da TikTok, wani lokaci har ya amsa gaisuwa. Mai kallo sai ya ɗauka wannan ce rayuwar ta gaske, alhali ita ma an zaɓa an tace kafin a ɗora. Ana jin labarin samari da 'yan mata da ke barin garuruwansu su nufo Kano don su ga wani jarumi ko su shiga fim, ba su san kowa ba. 'Yan damfara suna buɗe shafuka da sunayen taurari suna karɓar kuɗin masoya, taurarin suna ta fitowa suna gargaɗi. Kundan da Kusum suna nan da yawa a tashoshin motarmu.

Shi kansa fim ɗin Guddi bai tsira daga cakuɗuwar wasa da gaskiya ba. Jaya Bhaduri, wadda ta fito a Kusum, ta fito ne daga makarantar koyon fim ta Pune, kuma wannan ne fim ɗinta na farko da harshen Hindi, ko da yake tana yarinya ta fito a Mahanagar na Satyajit Ray a 1963. Ta yi wasan da kyau har jama'a suka daɗe suna kiranta Guddi, suna ɗaukarta a matsayin 'yar makarantar nan mai rawar kai. Sannan da farko Amitabh Bachchan aka ɗauka ya fito a Navin, har an fara aiki. Sai wani fim na Mukherjee ɗin, Anand, ya fito a farkon 1971, fuskar Amitabh ta zama sananniya. Dalilin da aka fi bayarwa na cire shi shi ne darakta yana son Navin ya zama mutumin da 'yan kallo ba su sani ba, don kada a ga yarinya ta bar tauraro ta koma wa tauraro. Aka kawo Samit Bhanja daga Bengal. A watan Yunin 1973 Jaya ta auri Amitabh. An sake yin labarin da harshen Tamil a 1975 da sunan Cinema Paithiyam, abin da ke nuna ciwon ba na gari ɗaya ba ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Kusum ba ta fito daga sutudiyo tana ƙin fim ko tana raina Dharmendra ba. Girmansa ƙaruwa ya yi a idonta, sai dai ya sauya iri: da tana bauta wa hoto, yanzu tana mutunta ma'aikaci mai gajiya da tsoro da kirki. Wannan shi ne abin da hani ba ya iya samarwa, kuma Dharmendra ne ya biya kuɗinsa da kwarjininsa, a lokacin da babu abin da ya tilasta masa.

Kirana ga furodusoshi da daraktoci da jaruman Kannywood shi ne su yi wa masoyansu irin wannan karamci. Ku gayyaci ɗaliban sakandare, maza da mata, tare da malamansu, su yini a lokeshan. Su ga yadda ake jiran rana ta daidaita, su ga mai riƙe fitila da mai kwalliya da mai dafa abinci, su ga sau nawa ake maimaita magana guda, su zauna a bayan mai tacewa ya yanke a gabansu. Iyaye kuma, in kun ga 'yarku ko ɗanku ya nutse a kallo, kafin ku ƙwace waya ku zauna ku kalla tare, ku tambaye shi me ya burge shi a wurin, ku kuma saurari amsar har ƙarshe.